Kafin Duba-Gari Ya Zo: Yadda Mai Gidan Burodi Zai Kare Lafiyar Ma'aikatansa

Yawancin masu gidan burodi, gidan abinci, shagon wanki da guga ko injin niƙa a garuruwanmu ta fuska biyu suka san ƙaramar hukuma: masu karɓar kuɗin shago da ke zuwa da rasit a farkon shekara, da jami'an duba-gari da ke leƙa kwata da banɗaki. Da zarar an biya kuɗi an sallami baƙi, sai maigida ya ji ya sauke nauyi. Alhali babban nauyin yana nan a wuyansa, wato lafiyar yaran da ke kwana suna murza kwaɓi tsakanin inji da tanderu. Rasit ba ya mayar da yatsan da inji ya cire.

Wannan jagora ta mai ƙaramin wurin sana'a ce a Najeriya. Na ɗauki gidan burodi misali saboda kusan duk haɗarin da ake samu a ƙananan wuraren aiki ya taru a cikinsa: inji, wuta, gas, lantarki, ƙura, kaya mai nauyi da aikin dare. Hajiya mai gidan abinci da mai injin markaɗe duk za su ga nasu a ciki.

Mataki na 1: Ka san wanda ke da iko a kan me

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba aikin gida biyu. A Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, a ciki har da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, banɗakin jama'a da kwashe shara, da kuma sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren wanki. Daga nan duba-gari ya samo hurumin shigowa wurinka, tare da dokar lafiyar jama'a ta jiharku da dokokin da majalisar ƙaramar hukumarku ta kafa. Aikin duba-gari daɗaɗɗe ne a Arewa, tun zamanin En'e ake horar da su a Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, kuma tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa hukumar yi musu rajista da ba su lasisi. A wasu wuraren suna ƙarƙashin sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a wasu kuma ma'aikatar muhalli ta jiha ce ke turo su.

Amma batun ƙwadago, har da tsaro da walwalar ma'aikaci, kundin ya sa shi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta yi maganar rufe haƙoran inji, iska, haske, hanyar tsira daga gobara da akwatin taimakon gaggawa, sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke aiwatar da ita. Kada kalmar masana'anta ta ruɗe ka ka ce ai manyan kamfanonin Sharaɗa da Bompai na Kano ake nufi. Wurin da aka ɗauki mutane aiki suna sarrafa kaya don sayarwa ya shiga ciki, ko da ɗan ƙarami ne a lungu.

Ga inda matsalar take. Duba-gari yana kusa da kai, yana iya zuwa sau da yawa a shekara, amma idonsa ya fi karkata ga tsafta da lafiyar mai sayen burodi. Sufeton ƙwadago shi ne masanin inji, amma ofishinsa yana babban birnin jiha, su kaɗan ne, kuma kana iya shekaru ba ka gan shi ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da babu mai tsaronsa sai kai.

Mataki na 2: Ka zagaya wurinka da biro da takarda

Ka zaɓi lokacin da aiki ya kankama, ko da tsakar dare ne, don da rana in an share an kashe injuna ba za ka ga komai ba. Ka tafi da ma'aikacin da ya fi daɗewa. A kowane lungu ka tambayi kanka abu uku: me zai iya ji wa mutum ciwo a nan, wa zai ji wa, me zan yi a kai kuma zuwa yaushe. Ka rubuta.

Ka fara da injin murza kwaɓi, wanda ke da naɗe-naɗen ƙarfe biyu masu juyawa. Shi ne mugun cikin gidan burodi. Yaro yana tura kwaɓi da hannu, barci ya ɗan fizge shi ko ƙafarsa ta zame, kafin a kai ga makunni inji ya ja yatsu har wuyan hannu. Doka ta wajabta a katange duk wani ɓangaren inji mai haɗari, da bel da kambun da ke juya shi. Wannan aikin mai walda ne na yini ɗaya: raga ko murfin ƙarfe a kan bel, shinge a bakin naɗin yadda kwaɓi zai wuce hannu ba zai wuce ba, da makunnin kashewa a daidai inda mai aikin zai iya bugawa da gwiwa ko da ɗaya hannun. Makunnin da ke can jikin bango bayan buhunan fulawa ba shi da amfani a lokacin da ake buƙatarsa. Injin kwaɓawa ma a sa masa murfi. Ka kafa doka mai tsauri cewa ba a goge inji ko cire abin da ya maƙale sai an kashe shi daga tushe. Akwai dalili na musamman a ƙasarmu: an ɗauke wuta, yaro ya zura hannu yana sharewa, sai a dawo da ita ko a tayar da janareta ba tare da sanarwa ba. Babbar riga, hannun riga mai lilo da ɗankwali mai jela duk ba sa kusantar inji.

Sai ƙofa. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata masu yawa suka ƙone saboda an kulle su a ciki da kwaɗo don gudun sata. Har gobe akwai masu gidan burodi da ke garƙame ƙofa daga waje su tafi gida da makulli, wai kada yara su fitar da fulawa ko sukari. Wannan ɗabi'a ta fi kowace muni a cikin duk abin da zan ambata. In kana tsoron sata ka auna kaya, ka ƙirga, ka ɗauki maigadi. Muddin akwai mutum a ciki, ƙofa ta kasance mai buɗuwa daga ciki ba tare da makulli ba. A samu mafita biyu a ɓangarori daban-daban, kada a jibge itace ko tire a gabansu.

Wuta da gas. In tanderunka na itace ne, ka nisanta tarin itacen da bakin wuta, ka tabbatar hayaƙi yana fita ta bututu sama da rufi. In na gas ne, tukwanen su zauna a waje, a tsaye, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurare ƙasa yake kwantawa ya taru a kwata da lunguna, sai ya jira tartsatsi. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa a canza shi, kada a naɗe shi da leda. Ka sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ka rataye ta kusa da ƙofa, ka duba allurarta tana kan kore, ka sa bokitin yashi a gefe. Ruwa ba ya kashe wutar mai ko ta lantarki, ƙara ta yake yi. Ka je ofishin 'yan kwana-kwana na jiharku ka nemi su zo su duba wurin su nuna wa yaranka yadda ake amfani da tukunyar, domin da yawa sun rataye ta shekaru ba wanda ya taɓa zare fil ɗinta.

Janareta a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da kasala, mutum ya kwanta ya wuce cikin barci. Yaran da ke kwana a wurin aiki su ne suka fi shiga wannan haɗari, musamman da damina ko hunturu in an ja janareta ciki an rufe ƙofa. Ba a zuba masa mai yana aiki. Wayarin kuma a kira mai gyaran lantarki na gaske, a daina cusa tsirarar waya cikin soket.

Akwai cutarwar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ake raina ta. Ƙurar fulawa tana jawo asma ga masu shaƙar ta kullum, kuma sananniyar cuta ce ta masu wannan sana'a a duk duniya. A riƙa juye buhu a hankali a kusa da bakin inji, a daina kakkaɓe shi a iska, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tayar da ƙura da tsintsiya, a ba mai juye fulawa takunkumi. Yaron da tari da toshewar ƙirji ke damunsa a wurin aiki, amma ya ji sauƙi in ya je gida hutu, a kai shi asibiti. Zafi ma haka. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura 40 a ma'auni tun a waje, balle a gaban tanderu. A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, a ajiye ruwan sha mai tsafta a kusa, a riƙa musanya masu tsayuwa a bakin wuta. Da azumi a mayar da aikin gashi dare gwargwadon iko. Buhun fulawa kilo 50 ne. A sa baro ko mutum biyu, kada a ɗora wa ƙaramin yaro a ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa na ƙasa da mu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuma an ɗora to a taimaka musu.

Sauran abubuwan a bayyane suke: daɓe marar santsi, kwata mai gudu, haske isasshe, banɗaki mai tsafta da ruwa da sabulu, safar hannu mai kauri ta ɗaukar tire, takalmi rufaffe maimakon silifas.

Mataki na 3: Ka duba su wa ka ɗauka aiki

Dokar Ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, ta hana sa wanda bai kai 16 ba aikin inji, ta kuma taƙaita aikin dare ga wanda bai kai 18 ba. Na san abin da za a ce: yaron maraya ne, ko almajiri ne, taimakonsa ake yi. Taimako ne in ka ba shi aikin da ya dace da shekarunsa da rana. Tsayar da ɗan shekara 13 a gaban injin murji da ƙarfe uku na dare zalunci ne, ko da uwarsa ce ta kawo shi da hannunta tana godiya.

Sabon ma'aikaci ba ya taɓa inji sai an koya masa, an nuna masa haɗarinsa, kuma wani gwani yana tsaye a kansa har ya ƙware. Wannan ma yana cikin Dokar Masana'antu. Ka ba kowa takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa, kamar yadda Dokar Ƙwadago ta ce. Masu taɓa abinci kuma su yi gwajin lafiya a asibitin da hukuma ta amince da shi, galibi duk wata 6, ka adana takardun. Wannan na cikin abubuwan farko da duba-gari zai tambaya.

Mataki na 4: Takardu

Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙafarka kafin su zo maka. Ka nemi sashen lafiya ko na muhalli, ka tambayi abin da ake buƙata ga irin sana'arka, ka nemi a nuna maka a rubuce, ka biya ta hanyar da za a ba ka rasit na hukuma. Ka yi rajistar wurin da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku. Burodi kuma yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda ta haramta buromet, sinadarin da ake sa wa kwaɓi don burodi ya ƙara kumbura, tun zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili.

Wadda aka fi mantawa ita ce rajista da hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun diyya. In kana biyan ma'aikatanka naira 500,000 a wata gaba ɗaya, naira 5,000 ke nan. Daga aljihunka za ta fito, doka ta hana a cire daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ɗan aikin wucin-gadi, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Amfaninta gare ka a fili yake: ranar da babban hatsari ya faru, asusun ne zai ɗauki kuɗin magani da diyya, maimakon ka sayar da inji ko ka guje wa iyayen yaro.

Ka tanadi fayil ɗaya ka zuba duk waɗannan, tare da takardar zagayen da ka yi da littafin da ake rubuta duk wani rauni, komai ƙanƙantarsa.

Mataki na 5: Ranar da duba-gari ya zo

Ka tarbe shi da mutunci, ka nemi ganin katin shaidarsa cikin ladabi, ka rubuta sunansa da ofishin da ya turo shi. Jami'in gaskiya ba ya jin haushin wannan. Hana shi shiga laifi ne, don haka ka buɗe masa ko'ina, ka bi shi da kanka, ka riƙa rubuta abin da ya nuna.

Tsarin da aka saba shi ne, in ya ga abin da ke cutar da lafiya, zai ba ka takardar gargaɗi mai ɗauke da abin da za ka gyara da wa'adin gyarawa. In wa'adi ya cika zai dawo. In ka gyara magana ta ƙare. In ba ka gyara ba sai a kai ka kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka, inda za a iya cin ka tara ko a ba da umarnin rufe wurin. Abinci da ya lalace ana iya kwashe shi nan take. Sufeton ƙwadago ma takarda iri biyu gare shi: ta umarnin gyara cikin wa'adi, da ta dakatar da inji ko aiki in haɗarin ya yi tsanani.

Saboda haka duk abin da aka ce ka yi, ka nemi a rubuta. In wa'adin ya yi maka kaɗan, ka rubuta wa shugaban sashen kana neman ƙari, ka nuna abin da ka riga ka fara. In ka gyara ka ɗauki hoto da wayarka. In aka ce tara ce, ka tambayi dokar da ta yanke ta, ka karɓi rasit. In kana ganin an zalunce ka, akwai shugaban sashe, akwai shugaban ƙaramar hukuma, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kuma ƙungiyarku ta masu gidan burodi ta fi ka murya in kun tafi tare.

Sai maganar na goro. Kowa ya san yadda ake yi: a ja jami'i gefe, a cusa masa wani abu da ledar burodi, ya juya bai ga komai ba. Su ma jami'an da yawa suna aiki ba abin hawa ba kayan gwaji, kuma ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, sashen duba-gari ba shi ne ake fara tunawa ba. Duk da haka mai bayarwa ya fi cutuwa. Ka sayi shirun mutumin da aka horar ya ga abin da idonka ya saba da shi har ya daina gani, tiyon gas ɗin kuma yana nan yana yoyo. Kuɗin da ake kashewa a sallama cikin shekara ɗaya sau da yawa ya isa a yi wa inji murfi. Ka riƙe shi da tambaya maimakon haka: ranka ya daɗe, ina kake ganin haɗari a nan?

Mataki na 6: In hatsari ya faru

Ka kashe inji ko wutar lantarki tukuna, kada mai ceto ya zama na biyu. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai tsafta na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wuri ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsafta. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, gishiri, manja ko baƙin mai. Jini a danne shi da ƙyalle mai tsafta a ɗaga hannun sama. In yatsa ya cire, a naɗe shi cikin ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a tafi da shi asibiti tare da mai raunin ba ɓata lokaci. Wanda hayaƙin janareta ya buge a fitar da shi iska a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Babban rauni ba na kyamis ba ne. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Ka rubuta ta a bango tare da ta 'yan kwana-kwana na garinku da ta wani mai mota ko mai Keke Napep da ke kusa.

Za a ce ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma imani da ita bai ɗauke wa kowa alhakin sakacinsa ba, a shari'a ko a dokar ƙasa. Bayan jaje sai a koma a duba abin da ya jawo, a gyara kafin a sake kunna injin.

Daga nan sai rahoto. Hatsarin da ya yi kisa, ko ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana 3, dole a sanar da sufeton ƙwadago a rubuce. A ɓangaren diyya, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, maigida kuma ya kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Dokar ta haɗa har da hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, da cutar da aikin ya jawo a hankali. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Kai kuma ma'aikaci, ko uban yaron da ya ji rauni, ka adana katin asibiti, rasit ɗin magani, hoton raunin da sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru. Sulhu a gaban mai unguwa abu ne mai kyau, amma kada ka sa hannu a kan cewa ka yafe komai tun likita bai faɗi girman nakasar ba. Ana shigar da neman diyya cikin shekara 1 daga ranar hatsarin. In maigida ya ƙi kai rahoto, ka je ofishin NSITF ko na Ma'aikatar Ƙwadago da kanka. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohin, kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tana taimaka wa wanda ba shi da kuɗin lauya.